Kabad Ɗin Inna

Labarin da zan ba ku yau labarin katako ne da ƙusa, da wani tsohon kabad da ya girme ni da shekara ɗaya. Na daɗe ina juya shi a raina kafin in yarda in rubuta, domin akwai mahaifiyata a cikinsa, ita kuwa ta riga mu gidan gaskiya. To amma akwai wata baiwar Allah da na yi wa alkawarin zan faɗi maganar nan duk inda na san kunne zai ji, alkawari kuwa kaya ne.

Ni mutumin Karakkai ne, cikin ƙasar Bunguɗu. A can aka yanke mini cibiya a 1976, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, tun kafin a yanke mana Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoban 1996. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu a wancan zamani ya san cewa darajar ɗakin mace a jerenta take. Kakanninmu ƙorai suke jerawa, sai tasoshi, daga baya kwanukan fenti da ake yi a masana'antun Legas da Kano suka cika kasuwa: kwalla da langa da fanteka da samira, kowanne da furanninsa. Mafi yawan mata a kan ɗan dandamalin ƙasa ko teburi suke ɗora su, ɗaya bisa ɗaya har su kusa taɓa rufi. Wadda ta sami kabad mai gilashi kuwa, ai ita ta kai.

Inna ta kai. Ba iyayenta suka saya mata ba, ba kuma Baba ba. Da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta tara, ta shiga adashi, a 1975 ta ba Baba ya je Gusau ya sa wani kafinta ya yi mata. An ce a mota aka kawo shi har bakin titi, daga nan ƙarti huɗu suka ɗauko shi a ka zuwa cikin gari, yara na biye da su. Katakon maɗaci ne, tsayinsa ya ɗara mutum, da ƙofofi biyu na gilashi da kantoci huɗu a ciki. Inna ta sa aka ɗora shi a kan duwatsu huɗu saboda gara, kuma duk ranar Juma'a sai ta sauke kwanukan kaf, ta goge su da tsumma, ta mayar da kowanne gurbinsa. Mu yara ko hannu muka ɗora a kan gilashin, sai mun sha rankwashi.

Shekara arba'in da shida kabad ɗin nan yana tsaye a wuri ɗaya, bai motsa ba sai da rashin tsaro ya motsa mu. Ba sai na tsaya ba ku labarin abin da 'yan bindiga suka mayar da ƙauyukan Zamfara ba, kowa ya sani. A watan Satumban 2021, lokacin da aka yanke layukan waya a jihar aka kuma rufe kasuwannin mako-mako, na yi kwanaki ban san halin da Inna take ciki ba, ni ina Gusau inda nake koyarwa. Da na sami hanya na je na ce ta shirya mu tafi. Ta ce ba inda za ta sai da kabad ɗinta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce Inna rai ake ta, ke kina ta katako. Ko kallona ba ta yi ba. Haka muka naɗe kwanuka cikin zannuwa, muka ɗaure kabad a bayan a-kori-kura, muka shigo Gusau da shi.

Allah Ya yi mata rasuwa a 2023, bayan ƙaramar salla. Da aka zo rabon gado, 'yan uwana mata suka ɗauki kwanukan, ba don za su jera ba, don yanzu ba mai jeren kwalla, sai don tunawa da ita. Kabad kuwa kowa ya noƙe, domin ba mai wurin ajiye shi. Aka yi masa kuɗi, ya faɗo cikin rabona.

Sai ya zama ga ƙaton kabad a tsaye a ɗaki, ciki fayau, alhali gidana ya cika maƙil da dangin da suka baro ƙauye, kayan sawa a cikin buhuna da jakunkuna ko'ina. Wata rana uwargidana ta ce, “Malam, tunda ba kwanuka za mu jera ba, me zai hana a cire kantocin nan a sa ƙarfe, mu riƙa rataye tufafi?” Na ga maganarta gaskiya ce. Na ce ai wannan ba sai an kira kowa ba. Ranar wata Asabar a farkon 2024 na ɗauko guduma, na shiga bugun kantar sama daga ƙasa. Na buga, na buga, ko gezau. Da na ƙara ƙarfi sai na ji gilashi ya amsa, na ga wata 'yar tsaga ta fito a gefe. Nan na ajiye guduma na tafi neman mai sana'a.

Kafintan da na samo dattijo ne, a Sabon Gari yake aiki, kuma irin mutanen nan ne da ba su san gaggawa ba. Ya kewaya kabad ɗin sau biyu, ya ƙwanƙwasa nan, ya shafa can, sannan ya dube ni ya ce, “Malam, wa ya hwaɗa maka ana bugun wanga da guduma? Wanga ba aikin yanzu ba na.”

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya ce kanta iri uku ce. Akwai wadda ake ɗorawa kawai a kan 'yan ƙusoshi ko 'yan ƙarafa, ita wannan ɗagawa za ka yi ta fito. Akwai wadda ake kafa wa 'yan sanduna a jikin bango a ɗora ta a kai a buga, ita kuma in ka zare ƙusoshin ta rabu. Sai ta uku, wadda masu aikin da suke yi: a fafe gurbi a jikin katakon gefe daidai kaurin kantar, a shafa gam, a zura ta ciki, sannan a bi ta waje da ƙusa, a binne kan ƙusar, a shafe da garin katako don kada a gani. Ta Inna irin ta ukun ce. Ya ce irin wannan kanta ba ajiyar kaya kaɗai take yi ba, ita ke riƙe da bangon dama da na hagu. In ka fizge su duka, kabad zai buɗe kamar littafi.

Na ce to yanzu yaya za a yi? Ya ce za a cire uku, a bar ɗaya. Na ce ni duka nake so, don riguna su sami wurin sauka. Ya ce, “In duka kaka so, nemi wani. Ni ba ni kashe aikin da na iske da rai.” Muka daidaita a kan za a bar ta sama, a sa ƙarfen rataya a ƙarƙashinta, ya kuma ƙara wata sanda a baya ta riƙe ƙugun kabad ɗin.

Na tsaya ina kallon yadda yake yi. Da farko ya kwance ƙofofin gilashi ya jingine su nesa, a kan tabarma. Sannan muka kwantar da kabad ɗin, ya bi jikinsa da yatsa yana laluben inda aka binne ƙusoshi, ya tone su ɗaya bayan ɗaya ya zare. Ya sa aka dafa ruwa, ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa a bakin kowane gurbi, ya ce gam ɗin mutanen da na fata ne da ƙashi, wanda ake narkawa a gwangwani kan wuta, shi kuwa in ya ji ɗumi da laima sai ya saki. Bayan nan ya ɗauko zarto ya yanka kantar a tsakiya, ya sake yankawa kusa da wurin ya cire ɗan guntu, don a sami sarari. Sai ya kama kowane rabi yana ɗagawa yana saukewa a hankali, har ya zame daga gurbinsa. Abin da na yi ta jibga da guduma bai motsa ba, ga shi ya fito ba ko ƙara.

Biyu suka fita lafiya. Saura ta ƙasa, wadda ita ce kamar daɓen kabad ɗin. Ni da so samu ne a bar ta, amma ya nuna mini ta rube a gefe guda, inda ruwa ya taɓa shiga, ya ce gara a canja ta. Ita wannan a ƙarƙashinta akwai wani rufaffen fili, tsayinsa bai fi tafin hannu ba, wanda aka kewaye da katako ta ko'ina. Tun ranar da aka ƙera kabad ɗin ba idon da ya leƙa wurin. Da ya ɗaga rabin farko sai ƙura ta tashi, muka ga kashin ɓera, da wani ƙaramin cokali, da ɗan kunne ƙwaya ɗaya. Can a lungu kuma ga wani ƙulli shafal, an naɗe da ƙyallen atamfa.

Kafinta ya miƙo mini ya ce, “Ga ajiyar tsohuwa.” Na kwance ƙyallen, na tarar da leda, a cikin ledar kuma kuɗi: 'yan Murtala guda biyar, da naira goma-goma guda huɗu masu hoton Alvan Ikoku. Naira ɗari da arba'in. Tsofaffin kuɗi, irin launin da aka daina karɓa tun ina ɗan shekara takwas.

Wallahi ƙafafuna ba su ɗauke ni ba, sai da na zauna a ƙasa. Kafinta yana ta dariya yana cewa na yi arziki, ni kuwa ban ma ji shi sosai ba, domin na san kuɗin nan. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san su, ko da bai taɓa ganinsu ba.

Bari in mayar da ku baya. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sanar da canjin kuɗi ba zato ba tsammani. Aka sauya launin takardun naira, aka rufe iyakokin ƙasa, aka ba mutane wa'adin da bai kai mako biyu cikakku ba su kai tsofaffin banki. Mu a ƙauye ba banki, sai an je Gusau an bi layi. Saboda haka kowane maigida ya shiga tattara kuɗin iyalinsa. Baba ya ce wa matansa kowa ta kawo abin da take da shi.

Matan Baba biyu ne a lokacin: Inna, da amaryarsa wadda muke kira Goggo, 'yar Tsafe, tana goyon ɗanta na fari. Inna ta shiga ɗaki ta ɗauko kwasar adashinta da ta ɓoye a bayan manyan kwalla, a kanta ta biyu, kuɗin da take tarawa don kayan ɗakin Yayarmu. Ta laluba ba ta ji komai ba. Ta sauke kwanuka kaf, ta zazzage kowanne, ta ɗaga katifa, ta tone ƙarƙashin gado. Babu. Don mai karatu ya gane nauyin abin, mafi ƙarancin albashin ma'aikaci da doka ta tsayar a 1981 naira 125 ne a wata. Wato abin da ya ɓace ya fi albashin wata guda, ga macen da take samunsa kwabo-kwabo a bakin tukunyar suya.

Aka tara yara ana tambaya, wa ya shiga ɗakin? Sai ni, da bakina, na ce na ga Goggo ta shiga shekaranjiya lokacin da Inna ta tafi gidan suna. Ban yi ƙarya ba, ta shiga. Rariya ta ɗauko, na kuma gan ta da rariyar a hannu ta fito. Amma ba wanda ya tambaye ni da me ta fito, ni kuma da na ga yadda manya suka zuba mini ido, suka ɗauki maganata da muhimmanci, sai na ji daɗi na yi shiru a nan.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Inna ta yi magana a tsakar gida da ƙarfi, maƙwabta suka ji, kafin la'asar gari ya ɗauka. Baba ya ce Goggo ta dafa Alƙur'ani a wuce wurin. Ta ce ita ba ta ɗauka ba, kuma ba za ta dafa littafin Allah a kan naira ɗari da arba'in ba, wanda bai yarda da maganarta ba kada ya yarda. Mutane suka ce ai ka ji, da tana da gaskiya da ta rantse. Bayan kwana uku ta goya ɗanta ta tafi Tsafe. Aka yi biko sau biyu, iyayenta suka ce sai an wanke 'yarsu a gaban waɗanda aka ɓata ta. Ba a wanke ta ba, aure ya mutu. Ƙanena ya tashi a Tsafe, ba mu haɗuwa sai a gaisuwar mutuwa. Ko da Baba ya rasu a 1998, ya zo ya karɓi rabonsa ya juya, bai kwana ba.

Na tambayi kafinta yadda ƙulli zai baro kanta ta biyu ya shiga rufaffen wuri. Ya juya kabad ɗin ya nuna mini. Falankin baya siriri ne, da ƙananan ƙusoshi aka kafa shi, kuma katako yana shan laima da damina ya kumbura, in hunturu da bazara suka zo ya bushe ya janye. Da haka bayan ya ɗan saki, ya bar tazarar da yatsa zai shiga, daga sama har ƙasa. In aka tura kwalla ta danna ƙullin, sai ya sulale ta nan ya faɗa can ƙasa. Watan Afrilu kuwa shi ne tsakiyar bazara, lokacin da katako ya fi bushewa. Ya ce ya sha tsintar irin wannan a tsofaffin kaya. Ashe ɓarawon da aka yi shekara arba'in ana zargi, iska ce da zafin rana.

Daren nan ban runtsa ba. Da safe na tafi gidan Yaya na ajiye mata ƙullin a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa, ta yi kuka, sannan ta share hawaye ta ce, “Ka ƙone su. Inna ta tahi, ka bar ta ta kwanta da mutuncinta. Mi za ka samu in ka tone wagga magana? A ce uwarmu ta yi ma baiwar Allah ƙazahi?” Na ce Yaya, ai an riga an yi, ko mun faɗa ko ba mu faɗa ba. Ta ce ni namiji ne, ban san abin da mata za su yi ta faɗi a gidajen biki ba. Muka rabu ba daɗi.

Kada mai karatu ya ɗauka na fi Yaya son gaskiya. Mako uku ƙullin nan yana cikin aljihun babbar rigata, kullum ina cewa gobe. Maganar Yaya ta yi mini daɗi, domin ta ba ni mafaka: in na yi shiru sai in ce don Inna na yi, alhali kaina nake karewa, tunda bakina ne ya ƙulla abin. Sai da na kai maganar gaban wani malaminmu da nake ɗaukar karatu a wurinsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba. Ya ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don wanda ya ɗauka ya mutu, sai dai ya bi shi can. In da bashin kuɗi Inna ta bari, da mun biya kafin mu raba gado. To wannan ma bashi ne, kuma mai shi tana raye. Ya ce, “Kai kana ganin rufa mata asiri kake yi, alhali kaya ka bar mata a ka.”

Ranar Lahadi da hantsi na shiga motar Tsafe. Tafiya ce da ba ta kai awa ɗaya ba, amma a 'yan shekarun nan ba mai bin hanyar sai da addu'a a bakinsa. Muka wuce dutsen Kwatarkwashi, kowa a motar ya yi tsit, ni kuwa ba tsoron hanya ne ya dame ni ba, abin da zan faɗa nake ta shiryawa ina rushewa.

Ƙanena na fara samu a shagonsa. Ya yi mamakin ganina, ya tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, wurin Goggo na zo. Ya kai ni. Na same ta a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta tsufa, idanunta sun yi rauni. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce wane ne? Da aka gaya mata sai ta ce, “Ikon Allah. Ɗan Yaya? Lahiya dai?” Har yau Yaya take kiran Inna.

Duk jawabin da na shirya ya gudu. Na ciro ƙullin kawai na sa mata a hannu, na ce Goggo, a cikin kabad ɗin Inna muka tsinta, a ƙarƙashin kantar ƙasa. Ta shafa ƙyallen, ta kai shi kusa da ido, ta kwance, ta ƙirga kuɗin da yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, “Ɗari da arba'in.” Ba ta manta ba. Sai ta yi wata 'yar dariya, ta ce ƙyallen nan ma guntun zanenta ne, ita ta ba Inna lokacin da suke zaman lafiya.

Na ce Goggo, ni ne na ce na gan ki, kuma na ga rariya ce a hannunki, ban faɗa ba. Ki yafe mini, ki yafe wa Inna. Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba. Can ta ce, “Kai yaro na, mi ka sani? Uwarka kuwa na yahe mata tun ran da na ji rasuwarta, don ban son in tsaya da kowa gaban Allah. Amma Malam ya mutu shina zaton ni ɓarauniya ta. Shi wa za ya hwaɗa mai?”

Ban sami amsa ba, har yau kuma ban samu ba. Ƙanena yana tsaye a bakin ƙofa, na ga ya juya mana baya yana goge fuska da hularsa. Daga baya ya gaya mini cewa tun yana makarantar allo yara suke yi masa gori da maganar, kuma ita ce ta sa bai taɓa iya kwana a gidanmu ba.

Da zan tafi na ce ta riƙe kuɗin. Ta ce a'a, ba nata ba ne, na magadan Yaya ne, a kai musu. Ƙyallen kawai ta ɗauka. Sannan ta ce abu ɗaya take so: a tsakar gida aka kira ta ɓarauniya, mutane suna ji, saboda haka ba ta son wankin cikin ɗaki. In faɗa inda mutane za su ji.

Wannan shi ya fi wuya, domin tsakar gidan da take nufi yanzu ba kowa a cikinta. Waɗanda suka ji maganar a 1984 da yawa sun mutu, sauran sun warwatsu, wasu a Gusau, wasu a Bunguɗu, wasu har Funtuwa da Zariya. Sai Allah Ya kawo sunan jikan Yaya bayan wata biyu, mutanen garinmu suka taru. Bayan an shafa fatiha na miƙe a zaure na ce ina da magana. Na ɗaga kuɗin sama, na faɗi inda aka same su, na faɗi abin da na gani ina yaro da abin da na ɓoye. Wani tsoho da ya san zancen tun farkonsa ya yi ta salati. Abin da ban zata ba shi ne, a cikin gida Yaya da kanta ta tsaya a gaban mata ta maimaita maganar, tana kuka. Ta gaya mini daga baya cewa ta tuna kuɗin kayan ɗakinta ne, saboda haka ita ma da ita a ciki.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Shekara arba'in ba ta dawowa, kuma ƙanena ya yi furfura ba tare da ya san daɗin uba ba. Amma da babbar salla ya zo Gusau da 'ya'yansa, ya kwana biyu a gidana, karo na farko a rayuwarsa. Ya ce in nuna masa kabad ɗin. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon sabon katakon da aka sa a ƙasa, bai ce komai ba.

Kabad yana nan a ɗakina, riguna na rataye a ciki. Kafinta ya cike guraben da aka cire kantocin da siraran katako, ya goge ya shafa fenti, amma in ka sa hannu za ka ji inda suke. Ya kuma kafe falankin baya da kyau, ba sauran tazara. Kantar sama da ya ƙi cirewa, a kanta na ajiye kwalla ɗaya da na roƙa wurin Yaya, kuɗin suna ciki. Ba su sayen ko ashana yanzu, amma duk yaron gidan nan da ya zo mini da “na ga wane ya shiga ɗaki”, sai in sauke kwallar in nuna masa, in tambaye shi: da me ka ga ya fito?

Goggo, na cika alkawari gwargwadon iyawata. Wanda duk ya karanta wannan, in ya taɓa jin an ce wata 'yar Tsafe ta saci kuɗin kishiyarta a Karakkai shekarar canjin kuɗi, to ya sani ba ta ɗauka ba. Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Wassalam.